Idon Ubaidu Mai Rediyo

Da an fito daga masallaci an gama gaishe-gaishe, Malam Ubaidullahi zai buɗe ƙyauren shagonsa da ke bakin hanyar kasuwar Gwandu, ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya jawo dogon bencin nan mai gajerar ƙafa guda ya tokare ta da guntun bulo. Sai ya hura gawayi a kasko ya cusa ƙarfen da yake narka dalma da shi, domin bai taɓa yarda ya jingina abincinsa da wutar lantarki ba. Kafin ƙarfen ya yi ja, zai fito da rediyoyin da ya gyara jiya, ya jera su a kan kanta, ya ja wa kowanne eriya, ya kunna su gaba ɗaya, kowanne da tasharsa. Wani na labaran jiha, wani na ƙetare a gajeren zango, wani na gaishe-gaishe da kiɗa. Haka safiyarsa take tun gashin kansa yana baƙi ƙirin, har ya zama fari fat.

Ni maƙwabciyarsa ce. Bangon ɗakina shi ne bayan shagonsa, kuma magini ya bar wata 'yar taga can sama don iska. Ta nan na sha labarin duniya tun ina koyarwa a firamare har na ajiye alli. Abin da zan faɗa, ko dai ta tagar nan ya shigo, ko kuwa waɗanda abin ya faru da su ne suka faɗa mini da bakinsu.

Ubaidu yana da doka guda wadda ta sha jawo masa tsaki. Rediyo ba ya barin shagonsa sai ya yi hantsi yana magana a gaban mai shi. Shi yake kira gwaji. Hujjarsa ita ce, liƙin da bai kama ba ba ya nuna kansa sai rediyo ya ɗauki zafi. Saboda haka ko wane ne kai, in ka zo karɓa, sai ka zauna.

"Malam Ubaidu, sauri nake, ina da baƙi a gida."

"Zauna, Alhaji. In ya mutu a nan, nawa ne. In ya mutu a gidanka, gobe ka ce Ubaidu macuci ne."

To, mutum yana zaune, ga rediyo uku huɗu suna zuba, ga wani a gefensa shi ma yana jiran nasa, ina bakin zai yi shiru? Da haka bencin ya zama majalisa. Manomi ya zauna kusa da makiyayi, direba kusa da malamin makaranta, ba don suna son juna ba, don dai doka ta tsare su. Daga baya ma mutane suka riƙa zuwa ba tare da sun kawo gyara ba.

Zantukan da suka ratsa tagata ba su ƙidayuwa. Wata safiya gidan rediyo ɗaya ya ce an raba wa manoma taki, ɗayan kuma ya ce manoma na kukan ba su ga ko ƙwaya ba. Ubaidu bai cika magana ba, sai dai ya nuna da tsinin ƙarfen da ke hannunsa.

"Wanga ya ce an raba, wancan ya ce ba a raba ba. Garba, kai ke da gona, wanne ya iso gidanka?"

Garba manomi ne daga Malisa, mai albasa da gero, mai saurin fushi da saurin dariya. Ya ce, "Labarin dai ya iso. Shi takin ina jin motarsa ta lalace a hanya."

Akwai Lawal direba, mai jigila tsakanin Gwandu da Kalgo, shi ke kawo labarin yadda kifi da shinkafa suka kwana a can. Lawal yana da wata ƙungiyar ƙwallo ta Turai da yake ƙauna fiye da motarsa. Duk ranar da aka ci su, zai zo fuska a murtuke, ya ƙi karɓar goro. Sai Sambo, wani dattijon makiyayi da rugarsu ke wajen Dalijan, ya dube shi ya kaɗa kai.

"Lawal, su waɗanga da kake ƙin cin tuwo don su, sun san an haife ka?"

"Baffa, kai ba za ka gane ba. Alƙalin wasa ne ya cuce mu."

"Kullum alƙali. Ku kai shi gaban Hakimi mana."

In aka sako waƙar zamani kuwa, irin wadda ake matse murya da na'ura, Sambo zai ce an shaƙe ɗan akuya a cikin gwangwani, Garba ya ce ai kai ma sarewarka ba ta fi haka ba, shanu ne kawai ba su iya kai ƙara ba. Sambo ya kira shi Kaɗo, wato Bahaushe, Garba ya kira shi Bafulatani, a yi ta yi har a kira azahar. Fim, kokawa, farashin buhun albasa, wanda ya sauya sheƙa daga wannan jam'iyya zuwa waccan, mai neman kujera da ya tuna da hanyar garinsu sai da zaɓe ya matso, babu wanda ba a baje shi a kan bencin nan ba.

Sai zamani ya juya. Waya ta shigo, ta shiga aljihun kowa. Wani saurayi, Abdulbaƙi, ya buɗe shagon caji da sola a tsallaken titi, samari suka koma can, kowa da igiya a kunne. Aka fara cewa rediyo ya mutu. Na ji masu ilimi suna faɗa, na kuma karanta. Ni kam ban yarda ba, domin masu wannan maganar maza kawai suka ƙirga, mazan ma na bakin titi. Su shiga cikin gidaje su ga abin da ke rataye a ƙusa kusa da murhu. Su je ruga inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Su tambayi tsohuwar da idonta ya daina karatu wa ke taya ta hira. Ubaidu ya san waɗannan mutane. Duk ranar kasuwar Kalgo yakan hau babur ɗinsa ya je ya karɓo gyara daga masunta da matan ƙauyen Dangoma masu aikowa ta hannun surukai. An taɓa kawo masa rediyon wani masunci da ya faɗa kogi, kowa ya ce a jefar, ya warware shi ɗai-ɗai ya shanya a tabarma kamar kuɓewa, ya sake haɗawa, ya yi magana.

Bai kuma taɓa zagin waya ba. Na ji Lawal ya tsokane shi wata rana cewa Abdulbaƙi ya kwashe masa kasuwa. Ubaidu ya ce, "Allah ya ba shi sa'a, yaron kirki ne. Abin da ke damuna da wayar guda ne. Mutum shi kaɗai yake ji, cikin kunnensa. Babu wani a gefe da zai ce masa kai, wannan ƙarya ce."

Ashe maganar za ta zo har kan bencinsa.

Tsakanin gidan Garba da rugar Sambo akwai wata tsohuwar al'ada tun iyayensu. Da an kwashe amfanin gona, shanun Sambo za su shiga gonar Garba su zauna, su ci kara da harawa, su bar masa taki. Babu takarda, babu shaida, kowa ya san lokacinsa. Da wannan zaman Sambo ke ratsa rani ba tare da ya kora shanunsa nesa ba. Amma a zaɓen da ya wuce kowannensu ya bi ɗan takararsa, tsokanar da aka saba ta fara yin ɗaci. Ana cikin haka sai wani saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyi, wai shanu sun cinye wa wani albasa har sun ji masa rauni. Babu sunan gari, babu sunan mutum. 'Ya'yan Garba suka kunna masa a gida, ya zo majalisa da shi a ƙirji. Magana ta kawo magana, sai ya dubi Sambo ya ce, "Ku ai duk halinku guda."

Sambo ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya saɓa a kafaɗa ya tafi. Daga ranar, in ya hango Garba a benci sai ya wuce kasuwa. Garba kuma ya aika masa cewa bana takin kanti zai saya, kada shanu su shiga. 'Ya'yan Sambo suka ce to a tattara a yi kudu, tunda an fara haka ba a san inda zai tsaya ba. Tsohon ya yi ta ja musu rai, domin kabarin iyayensa na nan, kuma ƙafarsa ba ta doguwar tafiya ba ce yanzu.

Shi kuwa Ubaidu yana ɗauke da nasa nauyin da bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Idonsa yana tafiya. Da farko ƙananan wayoyin cikin rediyo suka fara haɗe masa, daga nan fuskokin mutane suka koma kamar ana kallonsu ta cikin hayaƙin murhu. Ya daina zuwa Kalgo, ya ce gwiwa ce. Ya koma aiki da yatsa da kunne: ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Hannun da ya yi shekaru yana abu guda ba ya buƙatar a nuna masa hanya, saboda haka gyara yana fita daidai, babu wanda ya lura. Ni dai na lura da abu ɗaya ta taga. A da shi ke fara cewa, "Ga Lawal can tafe da fuskar an ci su." Sai na ji ya daina. Sai mutum ya yi sallama sannan ya ambaci sunansa.

Me ya hana shi faɗa? Ai ba sai an tambaya ba. Wa zai miƙa rediyonsa ga mai gyaran da ba ya gani? Aikin da ma ya ragu. Ɗan abin da ya rage shi ke ɗora tukunya, kuma shi ne dalilin da ya sa yake da wurin zuwa kowace safiya.

Rannan sai ga rediyon Garba da na Sambo sun haɗu a shagonsa a mako guda. Iri ɗaya ne sak, domin shi Ubaidu ne ya sayo musu tare lokacin ana shiri. Bambancinsu, na Garba a ɗaki ya yi rayuwarsa, yana nan sumul da murya garau, na Sambo kuwa ya sha rana ya sha ruwa, yana sanye da rigar fata da matarsa Hadijatu ta ɗinka masa. Ubaidu ya tuɓe rigar ya buɗe, ya gyara duka biyun. Sai batun gwaji ya taso. Mutanen nan ba za su zauna benci guda ba, kuma kowannensu ya aiko cewa a tsaye zai karɓa. A karo na farko Ubaidu ya sassauta dokarsa. Ya gwada su shi kaɗai, ya lalubi ɗaya ya mayar masa da rigar fata. Sambo ya zo ya rataya mai riga ya wuce. Garba ya zo ya jefa ɗayan a buhu ya ɗaure a bayan babur.

Jummai, matar Garba, ɗalibata ce a da, ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. A gidan sunan rediyon na Garba ne, amma mai shi ita ce. Ta ɗiga jan farce a kan gilashinsa wuri uku, daidai inda allura ke tsayawa a tashoshinta, don kada ta tsaya nema hannunta da kullu. Tana zaro shi daga buhu ta ce, "Malam, wannan ba nawa ba ne. Ina ɗigona? Kuma shinshina ka ji, hayaƙi da man shanu yake yi."

Garba ya juya shi, ya ga duk ƙarce. Zuciyar da ke jiran dalili ta samu. Bai ko yi tunanin Ubaidu ba, domin a saninsa Ubaidu ba ya kuskure. Washegari ya dira majalisa ya dangwarar da rediyon a kanta, ya ce Sambo ya ga mai kyau ya zura a rigarsa ya bar masa gawa. Kuma ya faɗi kalmar, a gaban mutane: sata. Ya ce in ba a dawo da shi ba sai gidan Hakimi. Kafin la'asar magana ta kai ruga. 'Ya'yan Sambo suka fara kwance bukkoki.

Ubaidu ya gane abin da ya faru tun kafin Garba ya rufe baki. Ya shafa rediyon, yatsansa ya faɗa cikin wani tsagi a bayansa wanda ya sani tun shekaru, tsagin rediyon Sambo. Ya ajiye shi gefe. Da majalisa ta watse ya kashe rediyoyin duka. Ban taɓa jin bangon nan ya yi shiru da rana tsaka ba, har sai da na ɗaga murya ta taga na ce, "Malam Ubaidu, lafiya?"

"Lafiya lau, Malama. Batir ne ya yi sanyi."

Ba batir ba ne. Zaune yake yana auna abu biyu. In ya yi shiru, babu mai zarginsa. Sambo zai dawo da rediyo ko ya ƙi, a ci gaba da kiransa abin da aka kira shi, ya kora shanunsa ya bar ƙasar da aka haife shi, shi Ubaidu kuma ya ci gaba da hura gawayinsa. In ya yi magana, ya rufe shagonsa da bakinsa.

Da yamma ya kira Lawal ya ce ya biya ruga ya gaya wa Sambo gyara bai ƙare ba, saura gwaji, ya zo da rediyon ranar kasuwa. Ya aika wa Garba haka nan.

A ranar, benci bai ɗauki mutane ba, wasu a tsaye, har samarin shagon Abdulbaƙi sun cire igiyoyin kunne sun tsallako. Garba ya zauna a wannan ƙarshen, Sambo ya tsaya a wancan, ya sauke rediyon daga kafaɗa. Sai aka ga ba tsohuwar rigar ba ce a jikinsa, sabuwa ce fil, da ɗinkin ja da kore a baki. Ashe Hadijatu ta ga ɗigon jan farcen tun ranar farko, ta ce wannan hannun mace ne, kayan wata ne. Ta cire tasu rigar, ta goge shi, ta zauna ta ɗinka masa tasa, domin a wurinsu kayan mutane ba ya komawa tsirara. Suna jiran ranar kasuwa ne a mayar, sai ga kalmar sata ta riga su.

Sambo ya ajiye shi a kanta ya ce, "Ga kayanku. Ban san yadda ya zo hannuna ba, Allah shina gani."

Garba ya ce, "Da ba a yi magana ba, da ya dawo?"

Wuri ya ɗauki guna-guni. Nan Lawal ya yi tsalle ya tafa hannu, fuskarsa kamar ranar da ƙungiyarsa ta ci.

"Ku tsaya, jama'a! Wallahi ba ku gane ba! Wa ya sa rigar? Ubaidu! Shi da ke gane rediyo ko a cikin buhu, shi zai ruɗe? Dabara ce! Da gangan ya musanya don ya haɗa tsofaffin nan wuri guda. Kai, Malam Ubaidu, ka iya!"

Sai wuri ya ɓarke da dariya da kabbara. Kowa ya ji sanyi, domin ga mafita ta zo wadda babu mai jin kunya a cikinta. Sambo ya fita daga zargi, Garba zai ce wasa aka yi masa, Ubaidu kuma ya ƙara suna. Abin da ake nema daga gare shi kawai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ko ƙarya ba sai ya furta ba.

Ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya ce, "Lawal, na gode, amma ba dabara ba ce. Idona ne."

Lawal ya sauke hannuwansa. Ubaidu ya ci gaba.

"Ban gani. Tun kafin damina nake lalube. Na ɓoye muku don kada ku daina kawo aiki. Garba, kana nan zaune, muryarka na sani, amma fuskarka ban gan ta ba. Farar rigarka kawai nake hange kamar hayaƙi."

Garba ya dubi jikinsa. A hankali ya ce, "Ubaidu, rigata shuɗiya ce."

"To ka ji. Ni na ɗauki naka na sa a rigar Sambo. Kuma na karya dokata don kun ƙi zama tare. Da kun zauna gwaji, da tun a nan ka ce wanga ba naka ba ne, a yi dariya a wuce. Laifi biyu, duka nawa. Bawan Allah wanga bai taɓa komai naka ba, matarsa ma riga ta ɗinka maka. Yanzu ku zauna a yi gwajin da ban yi ba."

Suka zauna, da tazarar mutum uku a tsakaninsu. Ya laluba ya kunna duka biyun. Kowa ya kasa kunne. Aka yi labarai, aka yi tallar maganin ciwon baya, aka sako waƙar ɗan akuyan cikin gwangwani, babu wanda ya tanka. Garba yana ta juya sabuwar rigar fatar a hannunsa, yana bin ɗinkin da babban yatsa. Can aka shiga farashin kasuwanni, mai karantawa ya faɗi yadda takin kanti ya tashi. Sai Garba ya yi gyaran murya, bai dubi kowa ba.

"Bafulatani."

"Kaɗo."

"Shi idonsa ne. Ni bakina ne. Ka yafe mini."

Sambo ya ce, "Allah shi yafe mu duka."

"Karan gonata na nan tsaye ya bushe. In shanunka ba su yi girman kai ba."

"Ba kai ka ce takin kanti za ka saya ba?"

"Ba ka ji farashinsa yanzu ba? A rediyonka ma aka faɗa."

Dariyar da aka yi a wannan karon daban take da ta farko. Da aka kira azahar Ubaidu ya miƙa wa kowa nasa, a hannunsa, ya sa shi ya duba. Sannan ya fito da sauran rediyoyin da ke jiran gyara ya ce masu su su zo su ɗauka, ba zai ƙona kayan mutane da lalube ba. Ya ɗebi ruwa a buta ya kashe gawayin. Ƙarar cuuu ɗin nan har ɗakina.

Bukkokin da aka kwance a ruga an mayar da su. Shanun Sambo suna gonar Garba yanzu haka da nake rubutun nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, har yau in ka shiga kasuwa za ka ji ana ba da labarin yadda Ubaidu ya yi dabara ya sasanta manomi da makiyayi. Wancan labarin ya fi daɗin faɗa, na sani. Mun fi son gwani mai wayo a kan mutumin da ya ce na yi kuskure. Amma wanda ya ba da shi haka ya rage wa Ubaidu, bai ƙara masa ba. Dabara ai ba ta ci masa komai. Gaskiyar ita ta ci shagonsa. Shekarun nan duka da na yi ina sauraron rediyoyinsa ta taga, na ji masu mulki da masu neman mulki, na ji masu horar da 'yan ƙwallo, na ji manyan 'yan kasuwa, kowa in abu ya ɓaci sai ya nemo wanda zai ɗora wa: na baya, 'yan adawa, alƙalin wasa, damina. Ban taɓa jin ɗaya ya ce idona ne ba. Sai a bakin mai gyaran.

Malam Ubaidu, kai ne ka zaunar da mutanen da ba su yi niyyar zama tare ba, har suka saba. Kai ne ka koya wa gari guda jin labari ta baki uku kafin a ɗauke shi a kai gida. Kai ne aka miƙa wa yabo a faranti ka ture, domin ba naka ba ne. Mai ƙarfe a gawayi, maƙwabcin da bai taɓa rage mini murya ba ko da na yi ƙorafi, na gode da ba ka rage ba.

Sai dai ina da faɗa guda, kuma na riga na yi maka shi ta taga. Abin da ke damunka yanar ido ce, likita ya faɗa, kuma cire ta ake yi. Da ka buɗe baki tun farko da ba a kai nan ba. Ku masu ɓoye ciwo don kada a ce kun gaza, ku ji da kyau. An sa masa ranar aiki a Birnin Kebbi, Lawal zai kai shi, Garba da Sambo kuma tun yanzu suna rigimar wanda zai zauna gaba. Ko zai koma gyara bayan nan, shi ya ce hannu ma ya fara rawa, a bar wa Allah.

Benci dai yana nan. Abdulbaƙi ke tsallakowa ya fito da shi ya tokare ƙafar da bulo, Ubaidu ya zauna ya lalubi rediyoyinsa na kansa ya kunna. Muna gode maka, Allah ya saka da alheri, ya mayar maka da ganinka. Ku kuma da kuke riƙe da wani abu na jama'a, ofis ne, aji ne, mota ce, ko gida, in abu ya ɓaci a hannunku, ku tuna da mutumin da ya fi ku buƙatar yin shiru, bai yi ba.

Yau da safe na ji Lawal ya rantse cewa farashin kifi ya sauka a Kalgo, sai wani da ya fito can jiya ya ƙaryata shi. Na kasa kunne in ji wa zai ɗora wa. Sai ya ce, "To, kunnena ne." Daga can ƙarshen benci na ji dariyar Ubaidu, ta fi ta kowa ƙarfi.